Amshin Waƙar Ɗanlami

Har gobe ban manta da ranar da aka yi wasan Ɗanlami a wani zauren taro a Narayi ba. Ni ne mai kula da sauti na zauren, wato makirufo da lasifika duk a hannuna suke. Ku sababbin shiga aikin nan, ku saurara.

Ɗanlami ɗan daudu ne da ya daɗe yana sayar da tuwo a bakin masaƙa a Kakuri. Duk saurayin da iyayensa suka kora don an ce yana neman maza, rumfarsa yake nufa. In an kama wani, shi ke zuwa beli, ana zaginsa yana gyara ɗaurin zane. Da ya rasu, masu sallar gawa ba su cika sahu ɗaya ba. Shi ya sa wata ƙungiya ta shirya wasa mai waƙa da rawa a kansa. Waƙar ƙarshe irin ta gargajiya ce, mawaƙiya Rifkatu ta ba da baiti, 'yan amshi su karɓa da sunansa.

Ana cikin wasa manajan zauren ya tsaya a kaina yana gumi. Wai an yi masa waya, kada a kuskura a rera waƙar nan, in kashe makirufo. Na tuna masa ya ji ta ranar gwaji, har da kaɗa ƙafa.

"Malam Bulus, aikinka fa," in ji shi.

"Ranka ya daɗe, don a ji murya aka ɗauke ni. Ba zan kashe ba."

Rifkatu ta riga ta fara waƙar, sai ya sunkuya ya fizge wayar makirufon da kansa. Muryar Rifkatu ta ɓace a tsakiyar baiti. Raina ya ɓaci, tsoro ma ya kama ni.

Sai wasu tsofaffin masu abinci na Kakuri, abokan zaman rumfar Ɗanlami, suka karɓi amshin daga kujerunsu. Layin baya ya biyo, inda wasu maza suka zauna shiru tun farko. Ɗayansu ya miƙe yana hawaye yana kiran sunan, sai da waƙar ta kai ƙarshe.

Washegari aka sallame ni, ko a jikina. Tun ranar, duk wanda na koya wa aikin nan sai na ɗora yatsansa kan maɓallin kashewa, na ce masa wannan na gyaran na'ura ne, ba na rufe bakin mutane ba.