Kwaltar da na shafa wa fanka

Mu mutanen Mai Wurno ruwa muka sani. Ubanmu masunci ne. Duk shekara kafin kogi ya kawo, mukan kife kwalekwalensa a gaɓa, mu dafa kwalta mu shafe shi. Ban taɓa ganin ruwa ya ci abin da kwalta ta rufe ba.

Da kifi ya yi ƙaranci, ni da wana muka tafi birnin Wad Madani. Muka sami aiki a wata ƙaramar masana'antar rini. Shi aka sa shi ɗakin tukwane, inda ake dafa yadi cikin ruwan magani. Ni aka ba ni burushi, ina fentin ƙofofi da ƙarafa. Ban yi karatu ba, amma hannuna ya iya aiki.

A saman bangon ɗakin tukwane akwai wata fanka ta ƙarfe, faɗinta ya kai tsayin mutum. Ita ke zuƙe tururin magani ta fitar waje. In ta tsaya kaɗan, ido ya fara hawaye, maƙogwaro ya kama ƙaiƙayi. Tururin nan har ƙarfe yake ci. Fukafukanta duk sun yi ja da tsatsa.

Injiniyanmu, da muke ce wa muhandis, zai tafi garinsu ta'aziyya. Ya kira ni ya nuna mini gwangwanin fenti biyu, babba da ƙarami. Ya ce in kankare fukafukan sai ƙarfe ya fito fari, in juye ƙaramin cikin babban, in dama, in shafa, in bar shi kwana biyu. Na ce to.

Da na buɗe, sai na ga abu tsararo, launin toka. Na kai wa wana ya gani.

Ya leƙa ya ce, "Wanga koko ne za ya tare tsatsa? A sa mai sukari mu sha."

Na ce, "Yaya, ni kwalta zan sa."

"Mi muhandis yac ce maka?"

"Shi takarda ya sani. Ya taɓa kwana kan ruwa?"

Ya yi dariya ya koma kan tukunyarsa. Bai ce in yi ba, bai ce in bari ba.

Na sayo kwalta a kasuwa. Kankara ma ban yi ta sosai ba, na goge sama-sama. Na lafta ta da kauri, baƙa wuluk, tana ƙyalli. Ranar na ji daɗin kaina. Fentin muhandis kuwa na shafa wa ƙofar shiga.

Sati biyu lafiya lau. Daga nan zafin tururi ya narkar da kwaltar. Gashin yadi ya riƙa manne mata, gefe guda ya fi nauyi, fanka ta fara rawa tana jijjiga bango. Tsatsar da na binne tana nan tana cinta ta ciki. Wata safiya fiffike ɗaya ya karye daga gindi, ya tafi da injin fankar gaba ɗaya.

Muhandis ya dawo ya lakaci kwaltar da yatsa. Bai yi faɗa ba. Ya kira ni yadda ake kiran mai sana'a a nan, ya ce, "Ya usta, kwalekwale cikin ruwan sanyi yake. Ita wannan cikin wuta take." Ranar aka sallame ni.

Sabuwar fanka sai da ta yi wata huɗu kafin ta iso. Mai masana'anta bai tsayar da aiki ba, lokacin yadin sallah ne. Ma'aikata suka riƙa ɗaure hanci da jiƙaƙƙen tsumma. Wasu suka gudu. Wana bai gudu ba. Na ce masa ya baro wurin nan. Ya ce, "In baro, wa za ya ci da gida biyu? Kai da burushinka?"

Tari ya kama shi tun kafin sallah. Muka ce mura ce. Bayan shekara ya kasa hawa matakala uku ba hutawa. A asibiti aka ce huhunsa ya ƙone, ba gyara. Na kai shi gida.

Shekara biyu ya yi zaune ƙarƙashin dalbejiyar ƙofar gida. Ni ke kama shi zuwa masallaci, mu tsaya sau biyu a hanya. Wata rana muna tsaye yana haki, na ce, "Yaya, ni na jawo maka."

Ya daɗe kafin numfashi ya dawo masa. Ya ce, "Da ni aka ba burushin, kwalta zan sa. Riƙe ni, za a ta da salla."

Ba mu sake maganar ba. Ya rasu farkon damina, da hantsi, matarsa na dama masa kunu. Ni na yi masa wanka. Da na sa hannu zan juya shi, ban nemi taimakon kowa ba. Ba shi da sauran nauyi.