Jadawalin Mutanen Ɓoye

Shekarar da aka koya mana rabe-raben dabbobi a sakandare, na dawo hutu Tiga na ja layuka a bayan littafina, wai zan rarraba aljanu. 'Yan ruwan dam na ajiye su kusa da kifi. Mai kofaton da makiyaya ke gani a dajin Falgore kuwa na haɗa shi da jakuna. Sai na tambayi kakata, tunda takan hana mu zubar da ruwan zafi ba bisimilla don kada mu ƙona 'ya'yansu, ke nan suna da fata, suna shayarwa?

Ko tankaɗen garinta ba ta dakatar ba. Ta ce, "Ke 'yar nan, su ma fa suna kallonki. Kin san da wace dabba suka haɗa ki?"