Wutar Tukubar Baba Sali

Ranar Litinin, 24 ga watan Yuni, 1991, da hantsi, Zailani mai tsire ya fara haɗuwa da Goggo Rakiyatu a bayan kasuwar New Bell da ke Douala. Kasuwar a rufe take. Shekarar ce aka yi yajin da ake ce wa ville morte, wato mataccen gari: daga Litinin zuwa Juma'a ba kanti, ba tasi, ba kasuwa, sai Asabar da Lahadi jama'a su fito su yi guzuri. Goggo Rakiyatu, wata dattijuwar Bafulatana daga Garwa mai sarin kayan marmari, tana zaune kan kwando, abarbarta da gwandarta da ayabarta suna ta nuna babu mai tayawa. Zailani kuwa yawo ne ya kai shi. Tun asuba ya je mayanka bai samu ko ƙashi ba, ya kuma kasa komawa gida ya haɗa ido da matarsa Bilki.

Haifaffen unguwar Hausawa ne, dogo, siriri, ya ɗan haura talatin. Bai iya zama ba. Ko shayi a tsaye yake sha. Ya yi dako a tashar jirgin ruwa, ya yi yaron mota zuwa Ngaundere, ya yi tallan agogo a unguwar Deido, babu sana'ar da ta ga shekara a hannunsa. Mutum ɗaya ne ya iya ɗaure shi wuri guda, wato Baba Sali, mai tukuba a kwanar gidan silima, wanda ya koya masa yanka da jera nama a tsinke. Da Baba Sali ya kwanta ciwon ajali, ba shi da ɗa namiji, sai ya riƙe hannun Zailani ya ce, "Kada ka bari wutar nan ta mutu."

Maganar tana da dalili. Masu tsiren layin nan ba su da takardar wuri. A ƙa'idar Sarkin Fawansu, wuri na mai hayaƙi ne. In tukuba ta huce har ruwan sama ya mai da tokarta laka, sarki zai ba wani. Ga kuma wani baƙo daga Najeriya, Kabiru, da ya daɗe yana zagaya kwanar yana gaishe da sarki fiye da kima. Shi ya sa kullum bayan la'asar Zailani ke hura wuta, ko da nama ko babu. Tun da aka fara yajin kuwa, yawanci babu, don ɗan abin da aka yanka manyan mahauta ke rabewa. Sai ya yi ta kewaya wutar da babu komai a kanta, yana fifita, yana gyara itace, yana leƙa titi.

A wannan hantsin ya wuce gaban Goggo Rakiyatu, ya dawo, ya sake wucewa.

"Kai ɗan nan, ko ka saya ko ka zauna," in ji ta. "Kana sa ni jiri."

"Goggo, nama nake nema."

"Ku mahauta kun ƙarar mana da shanu, yanzu kuma kun dawo kan abarba? Ungo, sa wa bakinka, gobe ma zubarwa zan yi."

Ta fere, ta yanko masa. Hannunsa duk toka ne, sai ya zaro tsinken tsire daga aljihu ya caki yanka uku ya kai baki. Goggo ta tsaya tana kallon tsinken.

"Kana da irin wannan da yawa?"

"Dami guda, suna kwance."

"To kai ga tsinke ba nama, ni ga kaya ba kasuwa. Kasuwa suka rufe, ba su rufe lungu ba."

Washegari ya ɗauko kwandonta a ka har kwanar silima. Aikin farko bai yi kyau ba. Ya yanka abarba da gwanda da wuƙar nama a kan katakon nama, ya jera a tsofaffin tsinkaye da suka sha mai, sannan hannunsa da ya saba ya barbaɗa yaji da ƙuli kafin kansa ya tuna. Wani direba ya gatsa ya tofar.

"Zailani, wannan gwanda ce ko tumbin sa?"

Goggo ta yi dariya har da riƙe ciki. Daga nan ta kafa masa doka: sabuwar wuƙa, sabon faranti, sabbin tsinkayen gora, ruwan famfo a wanke hannu da kaya, a matse lemun tsami a kai don kada ayaba ta yi baƙi, a rufe da farin mayafi saboda ƙuda. Shi kuma ya kawo nasa sanin. Ya ce gwanda da ayaba masu laushi ne, kamar kitse suke, a tsakiya ake sa su. Abarba mai tauri a farko da ƙarshe, ita za ta riƙe sauran. Da aka jera haka, rawaya da ja da fari, tsinken ya yi kyan gani.

Amma bai kashe wutar ba. A gefen tukuba ya ajiye farantin, hayaƙi na bi ta kansa. Kafin magariba gwanda ta yi ɗumi ta saki jiki, abarba ta ɗauki warin itace. Mata su ɗaga mayafi, su shinshina, su wuce. Ya matsar da faranti gaba, iska ta juyo da hayaƙin. Ya kai shi tsallaken titi, ya rinƙa gudu tsakanin wuta da faranti, yana can ruwa ya sauko wa itace, yana nan ƙuda sun samu hanya. A watan Yuli duka haka ya yi, ya rame, rabin kayan Goggo na komawa juji.

Wata Laraba a farkon Agusta ta zo da kanta. Samari sun ƙone taya a mararraba tun safe, unguwar duk ta yi duhu.

"Garin nan hayaƙi ya yi masa kaɗan ne, sai ka ƙara?" in ji ta. "Mutane sanyi suke nema a maƙogwaro. Ɗauki faranti ka shiga lunguna, inda mata da yara ke kulle a gida."

"In na tafi wa zai duba wuta?"

"Me kake gasawa?"

"Goggo, amana ce."

"Na san Sali. Ya ce ka riƙe wuta don ta ciyar da kai. Jiya na ga Bilki tana tsintar ganyen rogo a bakin layin dogo. Ni dai daga yau ba na ba da kayana a kyafe su. Ça suffit, ya isa haka."

Zailani ya kewaya tukubar. Ya ɗauki mafici, ya ajiye. Ya je bakin titi ya dawo. Can gaban shagon tela Kabiru na zaune kan benci, yana jan carbi, idonsa na nan. Zailani ya daɗe tsaye, abin da ba a saba gani ba. Sannan ya ɗauki butar alwala ya juye wa garwashin. Ya saɓi faranti a ka, ya shige lungu bai waiwaya ba.

Kafin magariba farantin ya ƙare. Yara suka bi shi, tsofaffin da likita ya hana nama suka kira shi ta taga, masu gadin tashar jirgin ruwa suka ce gobe ya fara da su. A daren Bilki ta ɗora tukunya. Cikin makon aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya, tokar Baba Sali ta zama laka.

A watan Nuwamba yajin ya lafa, nama ya dawo. Zailani ya sa babbar riga ya je gaishe da Sarkin Fawa.

"Ranka ya daɗe, na zo kan maganar wurin Baba."

"Ɗan gidan Sali, da hannunka ka kashe, a gaban mutane. Da ruwan sama ne ya ci ƙarfinka, da na duba. Kabiru ya hura tun Satumba."

"Yunwa ce, ranka ya daɗe."

"Na sani. Ban ce ka yi laifi ba. Na ce wurin ya fita hannunka."

Ya yi godiya ya fito. An ce ranar ya yi tafiya a ƙasa har gadar kogin Wuri ya dawo.

Zailani bai sake hura tukuba ba. Ya ci gaba da tallan 'ya'yan itace a tsinke, da safe tashar jirgin ruwa, da rana bakin makarantu, da yamma Deido, sana'a ta farko da ƙafarsa ba ta gaji da ita ba. Kwanar silima kaɗai yake kauce wa, ko da zagayen zai yi nisa, duk da Kabiru ya sha aika masa cewa ya kawo farantinsa, masu cin tsire na neman abin kashe yaji. Goggo Rakiyatu ta koma Garwa a 1998, ta bar masa masu kawo mata kaya. A 2006 gwiwa ta hana shi yawo, ya koma unguwar Ndogpassi wurin babbar 'yarsa, ya kafa tebur a ƙofar gida, yana yanka a tsaye. A can ya rasu a watan Maris na 2013.