Ƙaho a Agarata

Wata Laraba cikin damina, shekarar da nake aji huɗu a ƙauyenmu kusa da Jahun, aka kwantar da ni rub da ciki a zaure, Baba ya danne mini ƙafa, wanzami yana wasa aska a tafin hannunsa. Ciwon agara ne ya kai ni nan, wato jijiyar nan ta bayan diddige. Ciwon munafuki ne na gaske. Da safe in na tashi daga tabarma sai in yi ta ɗingishi, amma da yamma in jiki ya yi ɗumi sai ka gan ni a filin langa ina tsalle da ƙafa ɗaya. Shi ya sa Baba ya ƙi yarda da ni. Kullum cewa yake, "Ciwon da ya san lokacin noma, bai san lokacin wasa ba." Wannan maganar ta fi ciwon yi mini zafi.

Kakata Iya ce ta dage cewa mataccen jini ne, aka kira wanzami. Ya tsattsaga fatar, ya kafa wani ƙaho da ya yi baƙi don dauɗa, ya zuƙe shi da bakinsa mai jan goro, sannan ya toshe ƙaramin ramin da guntuwar jijiyar saniya wadda tun zuwansa yake taunawa. Da ya cire, sai ya zazzage gudan jini a ƙasa, kajin gidanmu suka rufu a kai suna wawaso. Na yi amai a kan tabarmar da nake kwance. Baba ya daɗe yana kallon jinin, sannan a hankali ya ce, "Ashe da gaske kake." Wurin tsagar ya yi ruwa, ƙudaje suka bi ni har makaranta, kuma ban sake buga langa ba.

Yanzu a Dutse nake aiki. Da ciwon ya dawo, likita ya matsa jijiyar da yatsa biyu, ya ce gajiya ta yi, ya koya mini miƙa ta a bakin matakala, ya ce in sauya takalmi. Ko ɗigon jini ba a zubar ba, ko sau ɗaya bai yi shakkar maganata ba. Na so a ce Baba yana raye in gaya masa. Shi sai da na zubar da jini ya yarda da ni.