Telar da Ta Daina Cewa "Kin Ƙaru"

Kafin rana ta hau katangun Sabon Gari, tun hayaƙin masu koko bai gama miƙewa ba, za ka ga wata tsohuwa siririya ta fito da lulluɓinta tana tafe a hankali. Ba shagonta ta nufa ba tukuna. Unguwar Zariya take zuwa, ta tsaya a ƙofar wani gida ta buga ƙyaure da gefen hannu.

"Maijidda, kin kwana lahiya? Hito mu tahi."

Tsahara tela ke nan. Maijidda kuwa ɗiyar aminiyarta ce, marigayiya Zuliha, wadda ciwon dajin tumbi ya ɗauke da sauran ƙuruciyarta. Tun daga lokacin abu ɗaya ne ya tsaya wa Tsahara a rai: kada abin da ya ci uwa ya dawo ya ci ɗiya. Su biyu sukan bi hanyar Jiratawa har inda gidaje suka fara ƙarewa, su juyo, sannan ta buɗe shago ta hau kekenta. Bana idonta ya yi rauni, zare ya daina shiga mata allura, ta ce ta ajiye ɗinki. Mu mutanen Maraɗi mun iya yabon mai mota, shi ya sa na ce yau sai an yabi mai allura ko da sau ɗaya.

Mu faɗa wa kanmu gaskiya. A garin nan, idan tela ta zagaya ƙugun mace da igiyar awo, magana ɗaya ake jira daga bakinta: "Masha Allahu, Hajiya, kin ƙaru." Sai ka ga fuska ta washe, a koma gida a ba maigida labari, shi ma ya ji kansa ya yi girma. Tela ta kirki kuma takan bar rarar yadi a ninke daga ciki, don ranar da jiki zai ƙara buɗewa. Namiji ma haka, teɓa ita ce shaidar arziki. Tsahara ta yi shekaru tana faɗin wannan magana, da zuciya ɗaya, kamar kowa.

Ita da Zuliha tare suka tashi a Tibiri. Har zuwa bana, idan keke yana ta sururunsa, yadi yana zuba a ƙafafunta, hankalinta yakan tafi can. Takan ga bakin gulbi bayan ruwa ya janye, yashi yana da sanyi, 'yan mata biyu suna tsere da tulu a ka. Zuliha ce kullum a gaba, ƙafarta ba ta ko barin sawu sosai. Takan juyo tana dariya, hasken yamma ya cika mata fuska, sai mai kawo ɗinki ya yi sallama Tsahara ta dawo shago.

Aure ya kawo su Maraɗi. Zuliha ta faɗa gidan fatake masu kai kaya ƙetaren iyaka, Allah ya buɗa, jiki ya karɓa. Da aka yi babban taron ƙasa, jam'iyyu suka ɓarke, kowace da atamfarta, kowane mako da gangami. Zuliha ce shugabar matan unguwarsu a wata jam'iyya, ba a taro sai da ita, ba a watsewa sai an ci soyayyen nama an kora da lemu. Tsahara ta warware mata rarar riga, ta sake warwarewa, har rara ta ƙare aka koma sayen sabon yadi. Wani abu ne dai kowa ya gani bai ɗauka komai ba: kanwa a ƙulle a bakin zanenta. Ƙwannafi ya addabe ta, da ta ci abinci sai ƙirji ya ɗauki wuta, ta jiƙa kanwa ta sha ta ce ya wuce.

Shekarar da aka karya darajar kuɗin sefa, albashi ya maƙale, ma'aikata suka shiga yajin aiki, Zuliha ta shigo shago da rana tsaka da ƙunshin kaya a hammata. Ta jira sai da shagon ya zama babu kowa.

"Ki rage mini su, ƙawa. Kada ki hwaɗa ma kowa."

Tsahara ta zagaya igiya, hannuwanta suka haɗu a inda da ba sa haɗuwa.

"Mi ke damunki?"

"Loma biyu, na ƙoshi. Nama kuma tsayawa yake nan." Ta dafa ƙasan ƙirjinta. "In mutane suka ga na rame, kin san abin da za su ce."

Ta sani. Zamanin ne da ake raɗa da sunan wata cuta, duk wanda ya zube sai a bi shi da ido, a ɗauke kofi daga gabansa. Tsoron bakin mutane ya sa Zuliha ta yi watanni tana ninka zane biyu. Tsahara ba ta rage riga ko ɗaya ba. Rufe shago ta yi, ta kama hannunta, suka yi ta bin ƙofofin da yajin aiki ya rufe har suka sami wani likita da ke duba mutane a zauren gidansa. Shi ya tura su Yamai, aka zura mata na'ura mai fitila ta maƙogwaro, aka ga daji a bakin tumbi, ya riga ya yi nisa.

A can wata likita ta zaunar da Tsahara ta yi mata bayani. Ta ce ba ƙiba kaɗai ke kawo shi ba, siriri ma yana kamuwa. Akwai yawan gishiri, akwai taba, akwai wata ƙwayar cuta da ke zama a tumbi. Amma nauyin jiki idan ya wuce kima yana ƙara haɗarin, don teɓa tana matse tumbi, ruwan tsamin ciki ya riƙa hawa yana ƙona bakinsa shekara da shekaru. Tsahara ta tuna kanwar nan.

Aka mayar da Zuliha Tibiri, ɗakin mahaifiyarta. Maijidda ce 'yar farinta, saboda haka tunda ta haife ta ba ta taɓa kiran sunanta ba, sai dai "waccan yarinya". Wata safiya tattabaru suna kuka a kan danga, ta riƙe yatsun Tsahara.

"Maijidda jikina gare ta," in ji ta. "Ki tsare mini Maijidda."

Sau biyu ta faɗi sunan, a fili, ba kunya. Tsahara ta fita bayan ɗaki ta yi kuka har ta gode Allah.

Ke ce, Tsahara, kika koma shago kika daina cewa "kin ƙaru". Ke ce kike duban Hajiya mai gwal har gwiwar hannu ki ce mata, "Awonki ya hau, Hajiya. Kina ƙwannahi? Ki je a duba ki." Wallahi an ji haushinki. An ce baƙin baki gare ki, an ce hassada ce irin ta sirara, rabin masu kawo miki ɗinki suka kwashe yadinsu suka kai gaba. Mai allura, mai faɗa a ido, ba ki fasa ba.

Wuyar aikin ma tana gida. Maijidda ta yi aure, ta haihu, dangi suka zo daga Tibiri da kunun kanwa da gasasshen nama, ana ɗura mata ana murna. Haihuwa ta biyu, ta uku, jiki ya zama na uwarta sak, har tafiyar. Ranar da sojoji suka karɓi mulki, rediyo yana ta kiɗan soja, gari ya yi tsit, Tsahara ta je duba ta, ta tarar da kofin kanwa a gefen gado. Ta ɗauke shi ta zubar a tsakar gida, ta faɗa mata duk abin da likitar Yamai ta ce, ba ta rage komai ba.

"Inna, so kike a ce mijina ya gaza?" in ji Maijidda, idonta ya kawo ruwa. "Ko hwata kike yi mini?"

Maijidda ta daina gaishe ta. Sai Tsahara ta fara zuwa ƙofar gidan kowace safiya. A buɗe mata, a bar ta tsaye a zaure, ta gaji ta tafi, gobe ta dawo. Maƙwabta sun gani, su suka ba ni labari, suka ce damina guda cur ta yi tana wannan sintiri. Wata safiya dai Maijidda ta fito da takalmi a ƙafa, fuska a murtuke, ta wuce gaba. Tsahara ta bi bayanta.

Daga nan aka je likita, aka yi maganin ƙwannafin tun bai zama wani abu ba. Aka rage mai da gishiri a tukunya. Ranar Lahadi sukan hau mota zuwa Jiratawa, su yi ta yawo a tsakanin fangalan lambu, ruwa yana bin hanyoyinsa yana sheƙi, zogale yana kaɗawa, ƙamshin danyar albasa ya cika iska. A irin wannan yawo Tsahara takan ga kamar su uku ne, akwai wata a gaba mai sauƙin ƙafa, tana juyowa tana jiransu. Su dawo da ganye cike da kwando, wasu matan unguwa suka fara binsu.

Babu mai ba da tabbacin kwana, Tsahara ma ba ta taɓa cewa ta ba da ba. Abin da ke hannunta ta yi. Ku teloli, ku masu kitso, ku da jikin mutane ke ratsa hannunku kullum, ku yi koyi da ita: in kun ga nauyi ya wuce kima, ko kun ga rama babu dalili, ku buɗe baki ko za a ji haushinku. Mun gode, Inna Tsahara, Allah ya saka da alheri, ya ƙara wa idonki haske.

Ranar da take kwashe kayan shago, Maijidda ta zo taya ta. Can ta durƙusa a gabanta ta zame ɗankwali.

"Inna, kawo hannunki, tunda idon ba ya gani. Hurhura ce, ta cika mini kai."

Tsahara ta shafa, ta sake shafawa. Zuliha ba ta kai shekarun furfura ba.

"Alhamdu lillahi," in ji ta. "In na je inda uwarki take, ina da abin hwaɗa mata."