Goron Yaya Tanimu

Ku matso, jikoki, ku ba ni kunnuwanku. Yau ba tatsuniya zan yi ba, labarin wana ne, Yaya Tanimu mai ɗinkin riga na unguwar Kusfa.

Kun san shi da goro. Ɓari ɗaya zai jefa a kumatun hagu da hantsi, yana nan har la'asar. In na ce, "Yaya, tauna mana!" sai ya ce, "Ke Ladi, gudu zai yi?"

Ranar ɗaurin auren 'yarsa aka raba goro, ya karɓi nasa, ya sake miƙa hannu. Aka ce, "Malam, na wa kuma?" Ya ce, "Na kumatun dama. Shi ba ɗan gida ba ne?"

To, da kumatun hagu ya fara tasowa, wa zai ce ba goro ba ne? Muka yi ta masa tsiya, wai Yaya ya buɗe rumbu a baki. Shi ma yana taya mu dariya.

Sai azumi ya kama. Na shiga gidansa da azahar, na ga kumatu tim. Na ce, "Innalillahi! Yaya, goro da rana tsaka a watan azumi?"

Ya ajiye allura. Ya ce, "Ladi, rabona da goro tun Babbar Sallah. Ba ya taunuwa."

"Me ya hana ka faɗa?"

"Na ga kuna jin daɗin dariyarku."

Muka kai shi asibiti. Likita ya haska masa fitila a baki, ya lalluba wuya da muƙamuƙi, aka ɗauki hoton ƙashi. Ya ce sai an yanki ɗan nama an kai gwaji. Yaya ya ce, "In kun gama dubawa, a dawo mini da abina." Har likita ya dara.

Da sakamako ya fito, ba wanda ya dara. Ciwon daji ne, ya riga ya ci ƙashi. Likita ya ce, "Hajiya, da kun zo tun yana ƙarami..."

Yaya bai ga wani azumin ba. Matarsa ta koma wurin 'yarsu a Ƙofar Gayan. Allurarsa tana cikin akwatina. Ni kuwa ga ni, duk wanda ya shigo a cikinku sai na ce ya buɗe baki in gani, kuna cewa kaka ta rikice.

Allah ya jiƙan Yaya, ya sanyaya makwancinsa. Dariyar da muka yi masa, Allah ya yafe mana.