Sarƙar da ke Ƙofar Teloli

Shekarar da Sin ta karɓi baƙuncin gasar Olamfik ina zaune a can, a unguwar Sanyuanli, ina sarin abayoyi ina aikawa Kano. Maƙwabciyata wata dattijuwar Baturiya ce 'yar Sikotland, mai koyar da Turanci a jami'a. Gwaggo nake ce mata. Ma'aikaciyar masaƙa ce da fari, ta jagoranci yajin aiki, ta yi kansila a jam'iyyar masu ra'ayin gurguzu har ta sha kaye a zaɓe. Ga kafiya, ga son gardama. Ko shayi na ba ta sai ta tambayi wa ya tsinko ganyen.

A lokacin an tsananta wa baƙi, takardar zamanta kuma ta kusa ƙarewa. A ƙasarsu ba ta da kowa, aikin nan shi ne gatanta. Kullum ina ja mata kunne ta iya bakinta har a sabunta takardar.

Sai tsautsayi ya sa ta raka ni wata masana'anta a yankin Panyu, inda ake ɗinka mini kaya. Ina duba ɗinki, ita tana duba ƙofofi. Ta tarar ƙofar da telolin, mata zalla, za su bi idan gobara ta tashi an garƙame ta da sarƙa. Ta nemi makulli. Mai masana'antar ya yi murmushi ya ce, "Meiyo," wato babu.

Mu 'yan kasuwa mun san meiyo ba ƙarshen magana ba ce, lallashi ake yi ana kurɓar shayi. Gwaggo ba ta iya lallashi ba. Ta zauna daɓas a ƙasa, ta jingina da ƙofar.

"Gwaggo, don Allah ki tashi, takardarki fa!"

"Faɗa masa tashi ma meiyo."

Kekunan ɗinki suka yi tsit. Daga ƙarshe makulli ya fito daga aljihun mai masana'antar, amma ya riga ya kira 'yan sanda, suka duba fasfonta. Ba a sabunta takardar ba.

Na ji haushinta ƙwarai, kuma ban taɓa ganin girman mutum kamar nata ba. A filin jirgi na kasa haƙuri.

"Haba Gwaggo, kin zubar da aikinki saboda ƙofa ɗaya!"

Ta gyara jakarta a kafaɗa. "A masaƙarmu ma ƙofa ɗaya ce. Ƙanwata tana bayanta ranar da wuta ta tashi."